Tallar da Aka Ɗinke Cikin Laya

Ramukan rini goma sha biyu Liti ya gada wurin mahaifinsa, a gefen Karaye ta wajen hanyar da ke fita Kwanyawa. Na san yawansu don taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma ni ba na wuce abu ban ƙirga shi ba. Sunana Abdulsalami, sana'ata jakuna. Bakwai gare ni a lokacin, ina ɗaukar wa mutane kaya tsakanin Karaye da Rogo da ƙauyukan da ke kewaye.

Liti dogo ne, siriri, marar yawan magana. Hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu tun yana saurayi, kuma in muna cin tuwo nakan ce ya ja gefensa kada ya rina mana miya. Ya yi karatun allo har izu ashirin kafin mahaifinsa ya janye shi zuwa karofi, wurin rini. Abin da ya rage masa na makaranta shi ne hannu: in ya yi rubutun ajami sai ka ce ɗinki ne aka jera, ba baƙin da ya fi wani tsawo.

Shekaru biyu bayan sojoji sun dawo daga Bama, atamfar kanti ta cika kasuwannin nan namu. Mata suka daina kawo fari a rina musu, tsohon zane ma in ya koɗe sai a mai da shi tsumman goyo a sayi sabo mai fure. Ramukan Liti suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama uku ne kawai ke da baba a ciki. Cikin marina biyar da ke aiki ƙarƙashinsa, uku suka koma dakon gyaɗa. Sauran ramuka tara suna nan baki buɗe, ruwan damina ya kwanta a cikinsu.

Ana gama cire gyaɗa sai ga duba-gari, da kakinsa da doguwar sanda. Ya leƙa ramukan nan tara, ya ga 'ya'yan sauro suna iyo, ya kuma ji labarin wata akuya da ta faɗa cikin ɗaya. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi zai dawo da faɗuwar ruwan fari na damina, duk ramin da ya tarar ba baba a ciki, za a cike shi da ƙasa. Ya hau kekensa ya tafi. Na lissafa a yatsa, mako ashirin da shida ke nan in damina ba ta yi gaggawa ba.

Wanda bai san rini ba zai ce, to, a zuba baba a duka mana, a huta. Ba ya yiwuwa. Rami ɗaya yana cin kwanduna na ganyen baba da toka, kuma in ya nuna ba a tsoma masa tufa ana motsa shi kullum ba, lalacewa yake yi ya yi wari. Rami da tufa yake rayuwa. Kuma waɗannan ba ramukan da ake sake haƙawa ba ne yau a gama gobe. Kakan Liti ne ya shafe cikinsu da katsi, wato taɓon baba da ke kwantawa a gindin rami, suka yi shekaru suna ƙara ƙarfi. In aka cike su, an cike ke nan.

Dabarar daga wurinsa ta fito, kodayake ni na ba shi kan zaren ban sani ba. Wata rana na dawo daga kasuwar Rogo na tsaya a karofi ina shayar da jakuna, nake ba shi labari cewa tun daga bakin gari mutum goma sha ɗaya suka tare ni suna tambayar me ake ciki a Rogo, biyu ne kacal suka tambayi kayansu. Ya tsaya da muciyar motsa baba a hannu. Can ya ce, in mutane labari suke so haka, me zai hana ya rubuta musu shi a takarda duk mako, a ƙarshe ya sa maganar karofi? Wanda ya karanta labarin ai sai ya bi ta kan tallar kafin ya ajiye takardar. Na ce kada ya ƙara kwana. Ni zan kawo labari, ni zan raba, jakunana ba za su ji nauyin takarda goma ba.

Liti ba ya yin abu rabi. Ya sayo takarda mai kyau, irin mai tambarin wata uku da malamai ke rubuta littafi a kanta. Ya dafa baƙar tawada, ya fiƙe alƙalami. Kamar yadda aka koya masa a makaranta, ya buɗe kowace da Bismillah da salati, sannan labari ya biyo: an gyara gadar katako ta hanyar Zoza, masu allurar shanu za su sauka Kafin Dafga, dawa ta yi kyau a Kwanyawa. Layi uku na ƙarshe su ne nasa, cewa rami ya nuna a karofin Liti, mai fari ya kawo, mai tsohon zane ya kawo a sabunta masa. Guda goma yake kwafa, ya ninke kowace gida huɗu, ya sake ninkewa don kada ta yi datti a mangala.

Laifina a nan yake, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Don in ɗaukaka kayan, duk wanda na miƙa wa sai in ce saƙo ne daga Malam Liti na Karaye. Mutane suka riƙa karɓa da hannu biyu, wasu har da rusunawa. Wata tsohuwa a Zoza ta ba ni ƙwan zabi shida ta ce in kai wa malam. Na dawo ina gaya masa kasuwa ta buɗe, don ban taɓa ganin an karɓi talla da ladabi haka ba.

Mako shida, takarda sittin. Tufafin da suka shigo ta dalilinsu, huɗu. Uku daga ciki na danginmu ne.

A mako na bakwai wani baduku daga Rogo, ana ce masa Iro, ya zo har karofi da ƙullin goro. Ina wurin. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Rogo, aka sake gaisawa. Sannan ya ajiye goron gaban Liti ya ce godiya ya zo yi, don tun da malam ya fara aiko da rubutu allurarsa ba ta huta ba.

"Sai dai roƙo ɗaya gare ni, Malam," in ji shi. "A riƙa rage girman takardar. Wadda ake aikowa tana cin fata da yawa, kuma mata suna cewa layar ta yi musu nauyi a wuya."

Liti ya ce, "Wace laya?"

"Taka mana. Ashirin da uku na ɗinke da hannuna. Akwai wani baduku a Zoza, shi ma yana samu."

Liti ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar jaki da ba abin da ya same ta.

Da Iro ya tafi sai abin ya fito mana fili. Takardar malamai ce, tawadar malamai, Bismillah a sama, ninki irin na laya, ga mai jakuna yana cewa daga malam take. Waɗanda ba su iya karatu ba, me za su zata? Waɗanda suka iya kuwa ba su buɗe ba, don an san ba a buɗe laya a karanta, sai ta karye. Na ce masa, taubashi, ka ga ka zama malami ba ka shirya ba, mu ƙara kwafi kawai mu huta da rini. Bai yi dariya ba. Ya ce ramuka tara suna jiran ƙasa, yanzu kuma ga mutum sittin suna yawo da tallarsa a wuya suna zaton ayar Allah ce, kuma wannan na biyun ya fi tsaya masa a rai.

Washegari bayan azahar muka tafi wurin Malam Gwadabe, wanda ya koyar da shi allo. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya natsu ya ce ba zunubi a kan wanda bai yi nufin yaudara ba, amma yanzu da ya sani, wajibi ne ya sanar da masu su. Game da na gaba kuma, ya ce sunan Allah ba a sa shi a takardar da za ta yi yawo a kasuwa, ta faɗi ƙasa, a ƙunsa daddawa da ita. Ya yi Bismillah da bakinsa in zai fara, ya isa, alƙalami kuwa ya shiga labari kai tsaye.

Mako biyu muka ɓatar muna bin layu. Na so a bar wannan, don ina ganin kwanaki suna zuba kamar gero daga ɓulallen buhu, amma Liti ya kafe. Muka sami arba'in da ɗaya cikin sittin. Yawanci dariya suka yi, wasu suka ji kunya, mutum biyu suka zage ni, kuma sun yi daidai. Wanda ba na mantawa shi ne Sulle, wani manomi a Zoza, da ya ɗaura tasa a damtse. Ya ce tun da ya ɗaura ta ciwon kafaɗarsa ya tafi, ba mai farke masa ita.

Liti ya ce, "Yaya Sulle, abin da ke damtsenka, an gyara gadar Zoza, mai fari ya kawo fari. Shi ke nan fa."

Sulle ya ce, "To gadar ba ta gyaru ba?"

"Ta gyaru."

"Ka gani. Rubutunka ba ya ƙarya. Bar mini abina."

Muka bar masa. Liti ya ce ya dai sauke nauyi, ya faɗa.

Saura mako goma sha takwas ya sake sabon tsari, kuma komai ya juya shi. Ya je kanti ya roƙi takardar nan ja-ja mai kauri da ake naɗo bandir ɗin yadin akoko da ita, wadda a da zubar da ita ake yi. Tawada kuwa, ya ɗebo daga ramin da ya fi nuna, ya ɗan haɗa da ƙaro don ta kama. Rubutu ya fito shuɗi a kan takardar ƙunshi. Ko makaho ya shafa ya san ba malami ya yi ba. Ya bar ninkewa, sai dai a naɗe kamar tabarma. Ya kuma tsoma gefen kowace a rami, yadda mai karɓa zai ga launin da idonsa. Ni kuma aka hana ni cewa malam. Liti marini, haka zan ce, da ƙarfi.

Abin da ya fi duka aiki shi ne sunaye. Ya lura labarin gada da allurar shanu kowa ya ji sau ɗaya ya wuce, sai ya fara sa mutane. An haifa wa wane ɗa a Kwanyawa, suna ranar kaza. Jakin wane mai yankakken kunne ya ɓata, wanda ya gani ya faɗa wa mai unguwa. Wane ya dawo daga Gwanja lafiya. Sai ya zama in na sauka a ƙauye na ce sunan wane yana ciki, kafin in kwance mangala an nemo mai karatu, an kewaye shi a gindin bishiya. Na taɓa ƙirga mutum talatin da huɗu a kan takarda ɗaya a Kafin Dafga. Mai karatun in ya zo layukan ƙarshe ba ya tsayawa, don ba a san inda labari ya ƙare talla ta fara ba.

Duk da haka tufafi ba su taho yadda nake so ba. Mako uku, guda goma sha tara, yawanci rawuna da riguna. Matar Liti, Ma'u, ita ta faɗi dalili, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba: masu zane suna cikin gida, mu kuwa muna karanta wa maza a gindin bishiya. Namiji zai koma gida ya ba da labarin jakin da ya ɓata, amma ba zai ce wa matarsa ta fito da zane a kai rini ba.

Ita ta haɗa mu da Turai, wata dillaliya 'yar Rogo da ke shiga gidaje da kayan koli a ƙwarya. Turai ba ta san ko alif ba, amma kanta kamar rumbu. Sai a karanta mata takardar sau uku, ta maimaita, shi ke nan ta ɗauke. Ta shiga gida ta baza kayanta, ta warware takardar, sau da yawa a kife, ta bi ta da yatsa tana zubo labari, tana ƙara gishirin da Liti bai sa ba. In ta gama sai ta miƙa gefen da aka tsoma a rami, mata su kara shi a jikin zanensu su ga yadda nasu ya koɗe. Ta tattaro zannuwan, ta ƙulla wa kowane alamarsa, ni in ɗauko. Liti yana rina mata nata kyauta, abin da ta nema ke nan.

Ita ce kuma ta ba shi shawarar ya riƙa faɗin aikin da ya gama. Ya yi ta jan ƙafa, yana ganin kamar yabon kai ne, daga baya ya rubuta layi ɗaya: zanen Sauda ta Kafin Dafga ya sha rami sau bakwai, ya fito baƙi wuluk yana ƙyalli, ta zo ta karɓa. Ya nemi izinin mijinta kafin ya sa. A makon da ya biyo zane goma sha huɗu suka fito daga Kafin Dafga kaɗai, kuma biyar daga cikin masu su sun aiko Turai da saƙo cewa nasu sau takwas suke so.

Daga nan na koma ƙirga ramuka. Na huɗu ya tashi a mako na goma sha uku da zuwan duba-gari, na biyar da na shida a tare. Biyu daga cikin marinan da suka tafi dako suka dawo da kansu. Kwafi ya tashi daga goma zuwa goma sha biyar, Liti yana yi da hantsi kafin rana ta yi zafi, yana zaune a kan turmi da allo a cinya. Masu bugu na maƙwabta, da suka yi shekara biyu suna gyangyaɗi, sai ga ƙarar mabuga ana ji har bakin kasuwa. Mutane suka fara kawo labari da ƙafarsu don a sa. Liti yana da doka biyu: ba ya rubuta abin da mutum ɗaya ne kawai ya faɗa, ba ya kuma rubuta abin kunyar kowa. Wani ya zo da labarin rigimar gona tsakaninsa da ɗan'uwansa, Liti ya ce masa wannan na alƙali ne, ba na marini ba.

Na takura masa ya cika ramuka goma sha biyun duka kafin ruwa, ko da na ido ne. Ya ƙi. Ya ce aikin da ke hannu na rami tara ne, ba zai kashe baba don ya rufe idon mai sanda ba.

Ruwan fari ya sauka kwana biyar kafin lissafina. Kwana uku bayan haka duba-gari ya iso. Ya jingine keke, aka gaisa, ya ɗauki sandarsa ya bi ramukan ɗaya ɗaya yana tsomawa. Ina bayansa ina ƙirgawa a zuci, kodayake na san amsar. Sau tara sandar ta fito shuɗiya. Uku na can ƙarshe, wajen bishiyar marke, ba komai cikinsu sai ruwan sama. Ya ce waɗannan za a cike. Liti ya ce ya ji, amma a bar shi ya yi da hannunsa, kada a turo masa 'yan aiki. Duba-gari ya yarda.

Har ya kama kan keke sai ya tsaya, ya zaro wata naɗaɗɗiyar takarda ja-ja daga aljihu. Ya ce a Rogo ya same ta, kuma ya ga mutane sun fi taruwa a kanta fiye da yadda suke taruwa in ya sa a yi shela. Masu lamba, wato masu rigakafin agana, za su zo wata mai kamawa, ko Liti zai sa ranar a ciki? Liti ya ce zai sa, amfanin jama'a ne.

"A sama za ka sa," in ji duba-gari.

"Ranka ya daɗe, sama ta masu haihuwa ce," in ji Liti. "Ƙasa kuma tawa ce. Zan ba ka tsakiya."

Mu biyu muka cike ramukan ukun, ni da jakuna ina kawo ƙasa, shi yana dannawa da ƙafa. Mangala tamanin da shida suka ci. Kafin mu fara ya sauka cikin na ƙarshe ya shafa bangon da tafin hannu, ya daɗe, ya ce a wannan mahaifinsa ya fara sa shi motsa baba. Na tsaya a bakin ramin ina jiransa. Da ya fito ya wanke ƙafa ya tambaye ni ko an sa ranar sunan nan na Kwanyawa, don gobe ranar kwafi ce kuma ba ya son ya rubuta kuskure. Na ce Laraba. Ya ce in sake tambayowa wurin mutum na biyu.